Rabon Intanet A Gida Ɗaya: A Koma Ga Hikimar Masu Rabon Ruwa

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina ya kira ni da daddare, muryarsa a dakushe. Yaron yana yi wa ƙasa hidima ne a wata makarantar sakandare a ƙaramar hukumar Rogo, bayan ya kammala makonni uku na horo a sansanin Kusalla da ke Ƙaraye. Su biyar ne a masauki ɗaya, kuma tun watan farko suka haɗa kuɗi suka sayi 'yar na'urar nan mai rarraba intanet, suka riƙa yin karo-karo suna zuba mata data ta wata guda. Bayan mun gaisa sai ya ce: "Allah gafarta Malam, yau na yi asarar aiki a kan abin da ko a gaban alƙali ban san yadda zan faɗe shi ba." Ashe wani kamfani ne ya ba shi lokacin ganawa ta bidiyo, ya yi wanka ya sa babbar riga ya zauna, ana fara magana hoto ya daskare, murya ta riƙa yankewa, har masu ganawar suka gaji suka ce za su neme shi. Daga baya ya gano cewa a daidai wannan lokaci abokin zamansa na ɗakin kusa yana sauke fim mai dogon zango. Ƙari a kan haka, datar da suka saya don ta kai su wata guda ko mako biyu ba ta cika ba, kuma babu wanda ya amsa cewa shi ne. Da ake ba ni labarin, biyu daga cikinsu sun daina cin abinci a kwano ɗaya.

Wataƙila mai karatu ya ce wannan ai rigimar yara ce, ba ta kai a ɓata mata shafin jarida ba. Ni kuwa ina ganin ta kai, domin irin wannan rigima ta shiga gidajen haya na malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, ta shiga ɗakunan ɗalibai, ta kuma shiga manyan gidajenmu na gado inda uba da 'ya'ya da surukai da jikoki suke rataye a jikin na'ura ɗaya. Abin da nake son in tabbatar a wannan rubutu shi ne, intanet ɗin da ake tarayya a kansa hukuncinsa hukuncin ruwan ban-ruwa ne, kuma duk ruwan da aka yi tarayya a kansa ba tare da ƙa'idar da aka faɗa da baki aka amince da ita ba, to mai ƙarfi ne zai shanye shi, ko da kuwa bai yi nufin zalunci ba.

Mu fara da dalilin da ya sa tarayyar ta zama dole. Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agustan 2001, ana kiran minti ɗaya a kan Naira 50, intanet abin marmari ne da ake zuwa shago a birni a biya kuɗin sa'a guda a duba saƙo a fito. Yau kuwa ya zama ƙofar kusan kowace hidima. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya; neman gurbin karatu, duba sakamako, neman aiki, tura kuɗi, rajistar hidimar ƙasa, duk ta nan ake bi. A garuruwa irin su Ƙaraye da Rogo da ƙauyukansu, akasarin jama'a ba su da wata hanya sai ƙarfen sabis na kamfanonin waya. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Ko da yake a shekarar an ɗaga alawus ɗin masu hidimar ƙasa daga Naira 33,000 zuwa Naira 77,000, tsadar abinci da sufuri ta lashe mafi yawansa. Kowa kuma ya san cewa sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi: wanda ya sayi data mai yawa a lokaci guda ya fi wanda ke sayen ta kwana ɗaya samun rahusa a kan kowane gigabait. Saboda haka haɗa kuɗi dabara ce mai kyau, kuma za ta ci gaba da yaɗuwa. Abin da ya rage shi ne a san yadda za a raba.

A nan ne harshe ya fara yi mana ƙafar ungulu, kuma da yake nazarin harshe ne sana'ata, zan ɗan tsaya a kansa. Bahaushe ya ari kalmomi uku, data da sabis da netwok, yana kuma musanya su kamar ma'anarsu ɗaya. Alhali kuwa abubuwa uku ne mabambanta. Data ita ce yawan ruwan da ke cikin tanki, wanda aka biya kuɗinsa, kuma yana ƙarewa. Da megabait da gigabait ake auna ta. Abu na biyu shi ne faɗin bututun da ruwan ke bi, wato yawan abin da zai iya wucewa a cikin daƙiƙa ɗaya, wanda ake aunawa da megabit. Har yanzu ba mu tsayar masa da suna ba, ni dai ina kiransa faɗin hanya. Abu na uku shi ne ƙarfin sabis tsakanin gida da ƙarfen da ke bayan gari, wanda dukkan mutanen yankin ke tarayya a kansa. Rigimar ɗalibina guda biyu ce ya ɗauka ɗaya ce. Ganawarsa ta lalace ne saboda an cushe bututu a lokacin da yake buƙatarsa, kuɗinsu kuwa ya salwanta ne saboda an zuƙe tanki. Kowace da maganinta. Akwai kuma lokacin da babu laifin kowa a gida: idan an yi sallar isha'i gari duka ya hau waya, ko ranar kasuwa, ko wuta ta ɗauke a ƙarfen sabis, sai intanet ya yi nauyi, a kama zargin juna a banza.

Akwai wata dabara kuma da harshenmu ke yi, wadda take da kyau a zaman tare amma take da illa a nan. Idan yaro ya fasa tulu a gidan surukai, cewa ake yi tulu ya fashe. An zaɓi aikatau ƙi-karɓau don a rufa wa mai laifi asiri. Haka muke cewa data ta ƙare, kamar ita ce ta ga dama ta tafi. Da wuya ka ji an ce wane ya ƙarar da ita, domin faɗin haka rashin kara ne. Kara da kunya kuwa ginshiƙai ne na zamanmu, ba na kiran a rushe su. Sai dai tulu sau ɗaya yake fashewa a manta, ita kuwa data kowane wata take ƙarewa, kuma kowane wata mutum ɗaya ko biyu ne ke cin moriyar shirun sauran. Abin da baki ya ƙi faɗa, zuciya tana ƙirgawa, har ranar da zai fito a matsayin gaba. Ƙa'idar da aka shimfiɗa tun farko ita ce ke ceton kunya, domin idan akwai ta, ba sai ƙani ya kalli idon yayansa ya tuhume shi ba. Ƙa'idar ce za ta yi magana.

Yana da kyau mai karatu ya ga girman bambancin da ke tsakanin buƙatu, domin a nan ne yawancin zaluncin da ba a yi niyya ba yake ɓuya. Littafi mai shafi 300 na rubutu zalla da wuya ya wuce megabait 1 ko 2. Bidiyo mai tsananin haske kuwa yana iya cin har gigabait 3 a cikin sa'a guda, wato nauyin littattafai fiye da dubu. Ganawa ta bidiyo ba ta buƙatar fiye da megabit 1 zuwa 2 a daƙiƙa, amma tana buƙatarsa babu yankewa, domin jinkirin rabin daƙiƙa ya isa ya ɓata zance. Sauke fim kuwa ba ya jin ciwon jinkiri, amma yana buɗe baki ya haɗiye duk faɗin da ya samu. Bugu da ƙari, hanya mai faɗin megabit 10 idan aka cika ta maƙil tana zuƙe kimanin gigabait huɗu da rabi a sa'a guda, ke nan gigabait 100 ba zai cika kwana ɗaya ba. Wato duk sa'ad da sabis ya ƙara kyau, tanki ya fi saurin ƙafewa. Sannan akwai ɓarayin da ba a gani: wayar da ke sabunta manhajojinta da kanta da zarar ta ji waifai, da wadda ke tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet, da bidiyon zaurukan WhatsApp da ke sauka ba a tambaye su ba. Sau da yawa wanda ya rantse cewa bai taɓa komai ba gaskiya ya faɗa. Wayarsa ce ta taɓa yana barci.

To, ina za mu nemo ƙa'ida? Ba sai mun je nesa ba. A ƙasar Ƙaraye ne madatsar ruwan Calawa take, wadda aka kammala a 1992. Ita da madatsar Tiga ta 1974 su ne ke riƙe da ruwan da ke gangarawa ya zama Kogin Haɗeja, ya ratsa Jigawa ya shiga Yobe. Mutanen yankin sun san amfanin da aka samu na noman rani da kamun kifi da ruwan sha. Amma mutanen fadamun Haɗeja da Nguru su ma sun san abin da ya same su da aka sauya wa kogin ɗabi'a: ambaliyar damina da suke noman shinkafa da kiwo da su a kanta ta ragu, ciyawar kacala ta toshe magudanai. Babu manomin Ƙaraye da ya tashi da niyyar cutar da masuncin Nguru; matsayinsa ne a saman kogi ya ba shi fifiko. Sai da ta kai jihohin da ke tarayya a kogin suka zauna, suka kafa asusun amana na kula da shi a 2006. Darasin shi ne, wanda ke sama ba ya jin ƙishirwar wanda ke ƙasa sai an zaunar da su wuri ɗaya. A gidan da ake raba intanet ma akwai na sama da na ƙasa. Na sama shi ne wanda na'urar ke ɗakinsa, wanda kwamfutarsa ta fi ƙarfi, wanda ya riƙe kalmar sirri. Na ƙasa shi ne wanda ke can ƙuryar gida, bango uku tsakaninsa da na'urar, da tsohuwar waya a hannu.

Shari'a ma ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke game da wasu ƙoramu biyu na Madina, Mahzur da Muzainib, inda aka bai wa na sama damar tsare ruwa har ya kai idon sawu, daga nan ya sake shi ga na ƙasa. Malamai su ne masu faɗaɗa bayani, ni ɗalibi ne a wannan fage. Amma ko ɗalibi zai lura da abubuwa biyu. Ba a hana na sama haƙƙinsa ba, kuma ba a bar shi ya auna buƙatarsa da son ransa ba. An sa masa iyaka da ma'aunin da kowa ke iya gani da ido. Idon sawu ba ya buƙatar gardama. Irin wannan ma'auni ne gidajenmu suka rasa a kan intanet.

Abin sha'awa shi ne, injiniyoyin da suka gina intanet su ma sai da suka faɗa wannan rami kafin su fito. A watan Oktoban 1986, hanyar da ta haɗa wani ɗakin bincike da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a Amurka, tazarar da ba ta wuce yadi 400 ba, ta durƙushe daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40 kacal, saboda kowace kwamfuta tana ta tura saƙo tana maimaitawa ba ta duba halin da hanyar ke ciki. Wannan ne ya sa Van Jacobson ya fito da tsarin da ya wallafa a 1988, wanda ke sa kowace kwamfuta ta sassauta da kanta idan ta ji alamar cunkoso. Kafin nan, a 1985, John Nagle ya ba da shawarar a daina tara kowa a layi ɗaya inda mai kaya da yawa ke tare gaba, a ba kowane mai aikawa layinsa, a riƙa ɗauka bi da bi. Daga baya, wajen 2010, Jim Gettys ya ja hankalin duniya ga yadda na'urorin gida ke tara dogon layi a cikinsu, har kiran murya ya tsaya bayan buhunan fim, aka kuma ƙirƙiro hanyoyin magance hakan waɗanda wasu na'urorin zamani ke ɗauke da su. Bi da bi dai shi ne rabon kwana, shi ne layin famfo, shi ne kwasar adashi. Abin da kakanninmu suka sani ne aka rubuta da lissafi.

Sai dai a kula, adalci a nan ba yana nufin a yanka hanya gida-gida daidai wa daida ba. A ce faɗin hanyar gida megabit 10 ne, mutum uku ke kai. Na farko yana ganawa, buƙatarsa 2. Na biyu yana cike takardar neman gurbin karatu, buƙatarsa 1. Na uku yana sauke fim, ko nawa aka ba shi zai cinye. Idan aka raba uku daidai, na farko da na biyu za su bar rara tana zuba a ƙasa, na uku ya yi ta jira a banza. Idan aka bar abin sakaka, na uku zai danne sauran. Rabon da masana suka fi yarda da shi shi ne a fara cika wa mai ƙaramar buƙata, a ba na biyu 1, a ba na farko 2, sauran 7 duka a bar wa mai fim. Babu wanda ya yi asarar abin a-zo-a-gani. Fim ɗin zai ƙara 'yan mintoci ne kawai, amma an ceci aikin wani da karatun wani. Uwar gida ta san wannan lissafi tun kafin a haifi kwamfuta: yara ake fara zuba wa tuwo, ƙattin gida su ƙarasa tukunya.

Na san akwai masu ja. Wani zai ce, ni na fi kowa zuba kuɗi, don me za a auna mini? Amsa ita ce, yawan kuɗinka ya ba ka haƙƙin babban kaso a tanki, wannan babu musu, amma bai ba ka haƙƙin toshe bututu a sa'ar da ɗan'uwanka ke gaban masu ɗaukar aiki ba. Wani zai ce, ai duba abin da kowa ya sha leƙen asiri ne. Wannan magana tana da nauyi, domin addini ya hana bin diddigin mutane. Amma akwai bambanci tsakanin sanin yawan abin da waya ta sha da sanin abin da mai ita ya kalla. Na farko lissafin dukiyar tarayya ne, kuma na'urori da yawa suna nuna shi, waɗanda ba sa nunawa kuwa kowace waya tana da nata lissafin a cikinta. Na biyu kuwa tsakanin mutum ne da Ubangijinsa, sai fa yara ƙanana waɗanda kulawarsu ke wuyan iyaye. Wani kuma zai ce, tunda abin rigima ne, kowa ya sayi nasa. Wannan ita ce tsohuwar fatawar Garrett Hardin ta 1968, cewa makiyayar da kowa ke da hannu a cikinta ƙarshenta ƙwaƙulewa. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nuna cewa ba lallai ba ne. Ta yi nazarin manoman ban-ruwa a Sifen da Filifin da Nefal, ta ga al'ummomin da suka yi ɗaruruwan shekaru suna raba ruwa lafiya. A birnin Balensiya na Sifen har yau kotun manoman ruwa tana zama kowace Alhamis a ƙofar babban coci, ta yanke hukunci da baki nan take. Abin da ta gano waɗannan al'ummomi sun yi tarayya a kai shi ne, an san su waye 'yan ciki, masu amfani da ruwan ne suka tsara ƙa'idar da kansu, akwai mai sa ido wanda su suka naɗa shi, horo yana farawa daga ƙarami, kuma sasanci ba shi da tsada. Kowa ya sayi nasa kuwa hukunci ne a kan mafi talauci a gidan, domin shi ne zai koma sayen ta kwana ɗaya mai tsada.

Saboda haka ga abin da na shawarci ɗalibina, kuma nake shawartar duk gidan da ke cikin irin wannan hali. Da farko a zauna kafin a zuba kuɗin wata, a rubuta sunayen wayoyi da kwamfutocin da aka yarda su hau, a kuma amince cewa babu mai bayar da kalmar sirri a waje sai da sanin sauran. Na biyu, a naɗa mutum ɗaya ya zama kamar uwar adashi, shi ke karɓar kuɗi, shi ke faɗin abin da ya rage duk ranar Juma'a, kuma a riƙa juya muƙamin wata-wata don kada ya zama sarauta. Na uku, a raba datar wata zuwa makonni, a ware wani kaso a ajiye don larura. Na huɗu, duk wanda ke da ganawa ko jarrabawa ko darasi kai-tsaye ya sanar tun da wuri, a wannan sa'a kowa ya dakatar da bidiyo da sauke kaya. Manyan kaya a bar su sai tsakar dare, lokacin da hanya ke sarari. Na biyar, kowa ya shiga wayarsa ya kashe sabuntawa da saukewar da ke faruwa da kansu, ya rage hasken bidiyo, domin a fuskar waya ƙarama bambancin ba shi da yawa. Na shida, a ajiye na'urar a tsakiyar gida a wuri mai tsayi, kusa da taga, kada a kulle ta a ɗakin wani, a kuma sa kuɗin cajinta ko na sola cikin lissafi. Idan na'urar tana da wurin iyakance gudun kowace waya ko fifita kira a kan sauke kaya, a yi amfani da shi a gaban kowa. Na bakwai, wanda ya wuce kasonsa a fara da tunatarwa, ya maimaita ya cika gibin da kuɗinsa, sai a karo na uku ne za a yi maganar cire shi.

Akwai wani ɓangare da ya fi damuna fiye da masaukin masu hidimar ƙasa, domin su aƙalla tsara ne, suna iya faɗa wa juna magana. Ina nufin gidan iyali. A nan wanda ke riƙe da kalmar sirri kusan kullum namiji ne, maigida ko babban ɗa, na'urar kuma tana zaure ko ɗakin samari. Matan gida da 'yan mata su ne mutanen Nguru na wannan kogi. Alhali kuwa matar da ke cikin gida tana tallan atamfa ko turaren wuta ko abincin sayarwa ta WhatsApp, intanet ɗin nan shi ne rumfarta ta kasuwa. Yarinyar da ke shirin JAMB, shi ne ɗakin karatunta, a garin da littattafai ke wuyar samu. Idan aka zuƙe datar gida a kallon ƙwallo da gajerun bidiyo, ba za ta ɗaga murya ba, domin tarbiyya ta hana ta ce wa yayanta ya tashi. Za dai ta fāɗi jarrabawa a ce ba ta da ƙoƙari. Tsarin gandu da iyayenmu suka yi noma da shi ya san wannan haɗari, shi ya sa bayan gonar gida ake yanka wa mutum gayaunarsa, a kuma bar masa lokacin da zai noma ta. Maigidan da ya sayi na'ura ya kyauta, amma aikinsa bai cika ba sai ya yanka wa kowa gayauna a cikinta, ya kuma faɗa da bakinsa a gaban samarin gidan cewa sa'ar karatun ƙanwarsu ba a taɓa ta.

Haka nan maganar baƙo da maƙwabci. Bahaushe ba ya hana ruwan sha, kuma yau roƙon a buɗe wa mutum intanet ya tura saƙo ya kusa zama kamar roƙon ruwa. Rowa ba ta dace da mu ba. Amma kyauta da kayan tarayya ba tare da izinin abokan tarayya ba, kyauta ce da dukiyar wani. Mafita ita ce a ware wa baƙi nasu kason tun a wurin zama na farko. Na'urori da dama suna da ƙofa ta daban don baƙi wadda ake iya iyakancewa. Ta haka an sami ladan kyauta, an kuma tsare amana.

Ba na cewa ƙa'idar cikin gida za ta maye gurbin aikin hukuma. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman don kai sadarwa yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba, kuma haƙƙin wakilan Ƙaraye da Rogo ne a majalisu su bi sawun rabon yankunansu a ciki. Idan kogi ya cika, rigimar rabo tana raguwa. Amma ko Kogin Kwara aka jawo mana, gidan da babu ƙa'ida na ƙasa zai kwana da ƙishirwa, kuma ba za mu jira Abuja ta zo ta raba mana abin da ke tsakar gidanmu ba.

Ɗalibina ya sake kira na bayan makonni. Ya ce sun zauna, sun rubuta ƙa'idojinsu a takarda sun manna a bayan ƙofa. Da suka duba wayoyinsu sai aka ga ashe wanda ake zargi da fim ba shi ne ya fi kowa sha ba; kwamfutar shi mai ƙorafin ce ta yi ta sabunta kanta a ɓoye. Ya ce kunya ta kama shi, ya nemi afuwa, abokin nasa shi ma ya nemi afuwar ranar ganawa, sun koma kwano ɗaya. Aikin dai ya wuce, kamfanin bai sake nemansa ba. Na ce masa ya yi haƙuri, rabonsa na gaba, kuma duk gidan da ya shiga nan gaba ya fara da takardar bayan ƙofa tun kafin a kunna na'ura. Allah Ya ba mu ikon tsare haƙƙin juna a ƙaramin abu da babba, Ya sa mu dace, amin.